La'asar Babu Fanka

Da tebur ɗaya na fara kasuwanci a Gure, ina sayar da batir da tocila da ashana a bakin tasha. Daga nan na shiga rediyo, daga rediyo na shiga kaset. Kafin tsakiyar shekarun casa'in ina da shago mai ƙofar ƙarfe, ina zuwa Kano da kaina ina saro kaya. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan na ɗauko bidiyo biyu, na bar ɗaya a shago cikin kwalinsa yana jiran mai saye, ɗayan na kai gida.

Ban yi karatun gyara ba. Abin da na sani game da bidiyo, wahala ce ta koya mini. Darasi na farko daga maiɗakina ya zo. Ita mace ce mai son tsari, duk abin da ta ga yana da daraja sai ta yi masa sutura. Ta saƙa wa bidiyon murfi mai kauri da zaren ulu, har da tuntu a gefe, ta ce yashin garin nan ba ya barin komai. Gaskiya ta faɗa game da yashi, sai dai murfin ya toshe ramukan da bidiyon yake shan iska. Wata rana na ɗora hannu a kansa na ji kamar tanda. Daga ranar muka yi yarjejeniya: idan yana hutawa ya sa rigarsa, idan zai yi aiki a tuɓe shi, a ɗora shi a kan bulo biyu iska ta riƙa bi ta ƙasa.

Darasi na biyu wuta ce ta ba ni. Gidanmu yana ƙarshen layi, kafin wutar ta iso mana ta gaji. Kuma ba ni kaɗai nake cin ta ba. Daga kontar ɗina, wato mitar wuta, na ba telan da ke maƙwabtaka da ni waya, na kuma ja wata zuwa masallacin unguwa sadaka. A cikin gida akwai firigon maiɗakina, wanda take yin ƙanƙara da shi tana sayarwa. Duk lokacin da firigon ya tashi sai ƙwan lantarkin ɗaki ya yi ja, hoton tele, wato talabijin, ya tsuke, bidiyon ya yi wani gurnani kamar an shaƙe shi. Na sayi ƙaramin regilatar, akwatin nan da ke daidaita ƙarfin wuta, amma shi ma yana da iyakar abin da zai ɗauka. A hankali na gane dokar abin: idan bidiyo yana aiki mai muhimmanci, a rage masa abokan ci. Kada a sa shi tariyo kaset baya alhali ya yi zafi. Kada a tsayar da shi a tayar ba dalili, don duk tsayawa da tashi sai ya saki zaren kaset ya sake fizgo shi.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo daga Kelle. Ƙanwar mahaifina ce, ɗa ɗaya gare ta namiji, taubashina, wanda ya tafi Libiya neman kuɗi ya yi aure can, shekaru suka yi ta tafiya bai dawo ba. Wani direba ya kawo mata saƙonsa: turmin zane, da sabulu, da kaset na bidiyo. A Kelle ba ta da inda za ta kalla, sai ta ƙulle shi a gefen zane ta hau mota ta zo. Da niyyar kwana biyu ta zo. Ta ga kaset ɗin sau ɗaya, ta aika aka kawo mata sauran kayanta.

Kaset ne mai tsawo. Taubashina yana zaune a kan kujera, ya yi ƙiba, yana gaida mutanen Kelle gida gida, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa bai ji ba. Ya nuna ɗakinsa, ya nuna matarsa tana ɓoye fuska, ya nuna garejin da yake aiki. Can wajen ƙarshe ya juyo kaina, kamar yadda taubasai suka saba, ya yi mini tsiya son ransa. Daga nan ya miƙa hannu ya jawo wata yarinya ƙarama, 'yarsa, wadda ya sa wa sunan Gwaggo. Yarinyar ta leƙo, ta sa yatsa a baki, aka ce ta gaida kakarta. Ta ce da Hausar da ba ta zauna a bakinta ba, "Takwara, ina kwana, yaushe za ki zo?" Sai ta gudu.

Wurin nan shi ne abincin Gwaggo. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma gaban tele ta ce, "Ɗan nan, sa mini takwarata." Idan yarinyar ta gudu sai ta ce, "Maido ta." A maido ta. Ta sake gudu, a sake maido ta. Idan ina shago maiɗakina ce ke yi mata, ita kuwa ba ta iya ce wa Gwaggo a'a. Na yi magana sau ɗaya, na ce zaren yana cin wuya a wuri guda. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai da kake ganin 'ya'yanka safe da yamma, wa yake ƙirga maka?"

Da farko fararen layuka suka fara ratsa fuskar yarinyar. Daga baya muryarta ta fara rawa. Sai wata ranar kasuwa aka aiko mini shago cewa bidiyo ya cinye kaset. Na tarar da Gwaggo zaune ta haɗa kai da gwiwa, maiɗakina tana tsaye ta kasa kallona. Firigo ne ya tashi daidai lokacin da ake maido yarinyar baya. Na kwance murfin bidiyon, na zaro zaren a hankali da tsinke. Bai tsinke ba, amma ya yamutse, kuma gefensa ya tsage kaɗan, 'yar tsaga kamar ta bakin farce. Na san wurin. Duk gidan mun san wurin.

Na miƙar da shi a kan tafin hannuna, na naɗe shi cikin kaset ɗin. Na gaya wa Gwaggo gaskiya: zaren nan watakila ya iya wucewa ta cikin bidiyo sau ɗaya, ba zan rantse a kan sau biyu ba. Idan za mu kashe wannan sau ɗayan, to mu kashe shi wajen kwafe shi a sabon kaset. Ta ce, "Idan ya tsinke fa?" Na ce idan ya tsinke zan yanke wurin in liƙa, sauran kaset ɗin zai yi. Ta ce, "Wurin da za ka yanke, nan take." Na ce nan take. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Kwafi yana buƙatar bidiyo biyu, ɗaya yana karantawa ɗaya yana ɗauka. Na je shago na yanke kwalin sabon, abin da ɗan kasuwa ba ya son yi, don kwalin da aka buɗe ba ya komawa sabo a idon mai saye. Na goge kawunan da ke karanta zare a duka biyun da auduga da alkol, ruwan wanke ciwo na farmasi. Tsohon kaset ɗin ban yarda bidiyo ya tariyo shi ba. Na sa ƙusa a ramin da ke ƙasansa na saki birkin, na zauna ina juya shi da babban yatsa har ya koma farko, yatsan ya yi bororo.

Sai lokaci. Da yamma wutar unguwarmu ba ta da ƙarfi, kowa ya kunna ƙwai. Lokacin da ta fi tsayawa shi ne tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da ma'aikata suka tashi daga ofis suka kashe kayansu, gari ya kwanta. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. Na je wajen tela na roƙe shi ya ajiye dutsen gugarsa na lantarki har in aiko. Ya ce yana da rigar ango a hannu, in ba shi ɗan lokaci ya ƙarasa. Ɗan lokacin nan ya ja mu har rana ta ɗan karkata. Maiɗakina ta zare firigonta da hannunta, ta lulluɓe shi da bargo, ta ce, "Ƙanƙarar yau ta Gwaggo ce." Na bar ƙwai ɗaya a kunne a ɗakin, ba don haske ba, don in riƙa ganin lafiyar wutar a jikinsa.

Regilatar ɗina ba zai ɗauki bidiyo biyu da tele ba. Na gwada da wani kaset na banza, na ga hoto yana wucewa daga wannan zuwa wancan lafiya, sannan na kashe tele na zare ta. Na sa na Gwaggo a tsohon bidiyon, sabon kaset a ɗayan, na yi bisimilla, na danna.

Gwaggo ta dubi baƙin gilashi ta dube ni. "Ina yake?"

Na ce, "Yana ciki, Gwaggo, yana tafiya ta wayar nan."

"A duhu? Ɗan nan, kada ka mai da ni 'yar ƙauye. Abin da ba a gani ta yaya za a kwafe shi?"

Na ce ta kasa kunne. Ta matso ta ji ƙarar zaren yana tafiya, sumul, kamar ana zuba gero a buhu daga nesa. Ta taɓa bidiyon ta ji ɗumi, sai ta ɗauki maficinta ta fara yi masa fifita. Ban hana ta ba, yana so.

Can sai na ji tana magana ƙasa ƙasa. "Yanzu yana gaida gidan liman." Jim kaɗan ta ce, "Yanzu ya tuna da makauniyar bakin rijiya, Allah ya jiƙanta." Ashe ta haddace kaset ɗin kaf. Tele a kashe, amma ita tana kallo. Ta bi shi ɗaki, ta bi shi gareji, har inda yake tari ta san shi. Maiɗakina ta zo ta zauna a bakin ƙofa tana saurare. Ni kuwa idona yana kan ƙwan, kunnena yana kan zaren, gumi yana bin bayana. Ƙwan ya tsaya fari tas. Na fara jin cewa mun tsira, na ƙirga tela, na ƙirga firigo, na ƙirga tele, ban ga abin da na manta ba.

Gwaggo ta ce, "To, ga shi ya juyo kanka. Daga nan sai takwarata."

A daidai nan na ji kukan ƙofar masallaci. Ƙofar ƙarfe ce, tana da wata ƙara da duk unguwa ta sani. Ladanin namu tsoho ne mai ɗabi'a ɗaya: idan ya shigo sai ya bi makunnan da ke jikin bango da gefen hannu, fankokin sama duka su tashi, sannan ya je ga lasifika. Wayar nan ni na ja ta da hannuna, amma da yake sadaka ce ban taɓa lissafa ta cikin kayan da ke cin wutata ba.

Ƙwan ya yi ja. Regilatar ya yi ƙas. Ban tsaya neman takalmi ba.

Yashin bazara ya gasa mini ƙafa kafin in kai. Na tarar fanka ɗaya ta fara juyawa, hannunsa yana kan makunni na biyu. Na ce, "Baba Ladan, don Allah tsaya!" Na kai hannu na kashe ta farkon.

Ya juyo a hankali ya dube ni daga sama har ƙasa. "Lafiya? Gobara ce ko an biyo ka bashi?"

Na gaya masa a gurguje, numfashina yana yankewa: kaset, Gwaggo, jikarta, zare ya tsage, wuta ba ta isa.

Ya ce, "Wato ka ba Allah wuta, yau ka zo aro."

Na ce, "Aro ne, Baba, na sallah ɗaya."

"Tsohuwar nan ta Kelle da ba ta amsa gaisuwa sai ta gama kallo?"

"Ita."

Ya shafa gemu. "Lasifikar fa, ita ma tana ci?"

Na ce ba ta ci da yawa, ya kunna abinsa. Ya ce a'a, tunda abin ya zama na lallaɓawa a lallaɓa shi gaba ɗaya, kafin a kawo lasifika ma da me ake kira. Ya fita ya hau dakalin ƙofa, ya sa yatsu a kunne. Na daɗe ban ji muryarsa tsirara ba. Ta tsufa, amma ta kai ƙarshen layi.

Na koma gida da gudu. Ƙwan ya dawo fari. Gwaggo ta daina magana, ta daina fifita, maiɗakina ce ta karɓi maficin. Ƙarar zaren ta canja, ta zama wani ƙaras ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. Wurin ne yake wucewa. Na durƙusa na sa kunne har ƙarar ta koma sumul. Gwaggo ta ce da ƙyar, "Ta gudu." Na ce, "Ta wuce, Gwaggo. Bai tsinke ba." Amma ko me sabon kaset ɗin ya ɗauka, babu wanda ya sani a cikinmu.

Saura addu'o'in ƙarshe da taubashina yake yi, na bar su suna tafiya, na ce kada kowa ya taɓa komai, na yi alwala na tafi masallaci. An yi la'asar nan cikin zafin da ban taɓa ji ba. Rufin kwano ne, babu iska ko kaɗan. Kowa ya shigo sai ya kai hannu ga makunni, ladan ya ce, "Bari, yau wutar tana wajen biki." Da aka sallame liman ya share fuska da gefen rawani ya ce, "To, wanda ya sa mu wannan gumi ya tashi ya yi bayani." Na yi. Tela ya ce shi ya riga kowa shiga wannan hukunci. Wani dattijo ya ce tunda sun biya da jikinsu, sai sun ga abin da suka saya.

Haka na dawo gida da rabin sahu a bayana. Kaset ya ƙare, na kashe bidiyon biyu. Suka ce a kunna. Na ce sai ya huce, ba zan sa shi tariya da zafinsa ba. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, na fito da tele. Maiɗakina ta aiko da ruwa, ƙanƙarar ta narke, ladan ya kurɓa ya ce, "Gidan mai firigo ke nan." Gwaggo ta zauna daga cikin ƙofa inda take hango gilashin, ta ƙi yi wa kowa magana. Ni ma ban iya zama ba, na yi ta taɓa bidiyon kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Da ya huce na zare tsohon bidiyon, na haɗa sabon da tele, na tariyo kaɗan, na danna. Ga taubashina a gareji, hoto garau, murya garau. Ya dawo kujera, ya gyara zama, ya nuna kyamara da yatsa ya ce, "Shi kuwa wancan taubashin nawa na Gure, ku gaya masa..." Sai hoton ya karkace, ya yi tsalle, muryar ta nutse cikin shuuu. Fankar masallaci ke nan. Na ji Gwaggo ta ja numfashi a bayana.

Sai hoton ya tsaya da ƙafarsa. Taubashina yana dariya, yana miƙa hannu gefe. Yarinyar ta leƙo. Fararen layukan suna nan a fuskarta, waɗanda kallon Gwaggo ya yi mata, amma ana ganin idanunta, ana ganin yatsan a baki. "Takwara, ina kwana, yaushe za ki zo?"

Na zauna a ƙasa. Sai a lokacin na ji zafin ƙunar da yashi ya yi wa ƙafafuna, don har yanzu ban sa takalmi ba. Liman ya ce, "Masha Allahu, gumin bai tafi a banza ba." Gwaggo tana share ido da gefen mayafi ta ce, "Maido ta." Na maido ta. Wannan karon ban damu ba, don na riga na yanke shawara: gobe zan sake kwafe wani daga wannan, in ba ta ɗaya ta cinye da kallo, in ɓoye ɗaya a akwati tare da na asalin.

Ladan ne ya ce, "Tsaya, wai me ya ce a gaya maka? Wurin ya goge."

Na ce ba wani abu ba ne, gaisuwa ce.

Daga bayan ƙofa Gwaggo ta ɗaga murya, muryar da ban ji ta yi ba tun ranar da zaren ya tsage. "Ƙarya yake yi. Cewa ya yi a gaya wa mai kunnuwa kamar faifai, wanda ya taɓa sayar wa makaho tocila, ya rage rowa ya sayi takalmi."

Kowa ya dubi ƙafafuna. Zauren ya kece da dariya, har liman sai da ya riƙe ciki.

Gwaggo ta zauna da mu har ƙarshen ranta. Ta cinye kwafi, na sake mata wani, ta cinye shi. Duk ranar da zan yi kwafin sai in bi layi tun da safe, in fara da masallaci. Kuma duk lokacin da aka zo wurin da hoton yake tsalle, ko da baƙi a ɗakin, ko da surukaina, sai ta gyara murya ta cike gurbin, ba ta taɓa rage kalma ɗaya ba.